Ruwan inabi mai gas da wanda aka cire wa barasa: amsar tambayar Hajiya

Hajiya barka da warhaka, Allah ya sanya alheri a bikin nan ya ba su zaman lafiya. Na ga tambayarki, kin ce kin shiga kanti neman kwalaben da za a jera a teburin walimar 'yarki sai kika tarar da iri biyu gefe da gefe, ɗaya irin su Eva da Chamdor da muka saba gani a biki, ɗayar kuma mai tsada ce da hoton dutse mai ƙanƙara a jiki an rubuta Malbec, Mendoza, 0.5%, mai kantin kuma ya ce miki duk ɗaya ne babu giya a ciki. Kina son sanin bambancinsu da kuma wanda ya fi tafiya da abincin da za a dafa. To gaskiya ba ɗaya ba ne, tun daga gona ma ba su haɗa hanya ba balle a masana'anta.

Ta farkon ruwan inabi ne zalla. A matse inabi, a tace, a ɗan dafa shi don kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsimuwa, a busa masa gas irin na lemon kwalba, a toshe. Shi ke nan. Bai taɓa zama giya ba ko na minti ɗaya. Wani likitan haƙori ne a Amurka, Thomas Welch, ya fara dabarar ɗan dafa ruwan inabi don kada ya tsimu a 1869 a garin Vineland, shi ma don ba ya son a riƙa amfani da mai sa maye a cocinsu ne, kuma sunansa ne har yau a jikin kwalaben Welch's.

Ta biyun kuwa sai da ta zama giya cikakkiya tukuna. An matse inabin an bar yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, ta kai kashi 13 ko 14 cikin ɗari kamar kowace giyar da aka yi da irin inabin da ake kira Malbec, ta kwanta ta yi watanni, sannan daga baya aka sa inji aka zare barasar. Ita barasa tana tafasa a digiri 78, amma in aka zuƙe iskar da ke cikin tukunyar sai ta riƙa tashi tun a wajen digiri 30, to da haka suke janye ta ba tare da sun dafe abin ba. Wasu kuma ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi suke tura ta da ƙarfi. A Jamus aka fara wannan sana'a sama da shekara ɗari da suka wuce, gidan Carl Jung, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a ce an cire barasa muddin abin da ya rage bai wuce 0.5% ba. Wannan 0.5 ɗin da kika gani ke nan, ragowar abin da injin bai kwashe ba ne.

Hoton dutsen nan kuma ba ado ba ne kawai, shi suke sayarwa ma. Mendoza lardi ne a yammacin Ajantina a gindin duwatsun Andes, kuma mafi yawan giyar ƙasar daga can take fitowa. Wuri ne busasshe, ruwan saman da suke samu a shekara bai fi milimita 200 da 'yan kai ba, ko rabin na Katsina bai kai ba, da narkakkiyar ƙanƙarar kan duwatsu suke ban ruwa ta magudanai. Asalin inabin Malbec na Faransa ne, yankin Cahors, wani masanin noma Bafaranshe Michel Pouget aka ɗauko a 1853 ya zo ya kafa makarantar noma a Mendoza, daga nan irin ya bazu har ya fi karɓuwa a can fiye da gidansa. Gonakin da aka fi ji da su suna kwarin Uco, daga mita 900 har zuwa 1,500 sama da teku, ki tuna Jos da muke kuka da sanyinta tana wajen mita 1,200 ne. In kika hau arewa lardin Salta abin ya fi haka, garin Cafayate yana wajen mita 1,700, kuma akwai gidan Colomé da aka kafa tun 1831 wanda yake da wata gona a mita 3,111, tana cikin mafiya tsayi a duniya.

Me ya kai mutum noma a irin wannan wuri mai wahala, ga tsakuwa ga ƙanƙara da ke zubowa ta ragargaza amfani har sai sun shimfiɗa raga a saman kurangar? Saboda abin da tsayin ke yi wa ƙwayar inabin ne. A can sama rana tana dukan fata da ƙarfi, to shi ma inabin kare kansa yake, sai ɓawonsa ya yi kauri ya yi duhu, kuma a cikin ɓawon nan launi da bauri suke. Da rana zafi, da dare kuma sanyi ya sauko sosai, sanyin daren nan shi ke hana tsamin inabin gudu yayin da zaƙi ke taruwa a hankali. In kika riƙe nonon inabin Malbec a hannu za ki ga ƙwayoyin ƙanana ne baƙi wuluk sun cure da juna, ki ciza ɗaya ki ji zaƙi ya fi na inabin da muke saya a bakin titi, amma ga 'ya'ya a ciki ga ɓawo mai tauri da zai bar miki baki a ɗaure kamar kin tauna ɗanyen goro. Ba inabin ci ba ne, ba don faranti ake noma shi ba.

Shi kuwa ruwan inabi na gas ba ruwansa da wannan wahalar. Abin da mai yin sa yake nema inabi mai yawan 'ya'ya, mai ruwa, mai arha. A Amurka irin Concord suke amfani da shi, a Sifen akwai farin Airén da ya cika filayen La Mancha, kuma abin mamaki ita kanta Ajantina tana cikin manyan masu fitar da kakkauran ruwan inabi a duniya, amma ba daga kan dutse ba, daga gonakin ƙasa-ƙasa masu zafi na gabashin Mendoza da San Juan, irin su Cereza da Criolla Grande da ke zuba 'ya'ya kamar ba gobe. A ƙafe ruwan ya yi kauri, a loda a durom a tura ƙasashe, can a ƙara ruwa da gas a ɗura a kwalba. Shi ya sa ba kasafai za ki ga sunan irin inabi ko sunan gona a jikin waɗannan ba, ja ne ko fari, magana ta ƙare. Kuma shi ya sa kuɗinsu bai kai na waccan ba.

A baki ma sun sha bamban. Ruwan inabi zaƙi ne tsantsa tunda babu abin da ya taɓa sukarinsa, zallansa yana kai giram 15 a kowane mililita 100, ya fi Coke ma da ke da wajen 10 da rabi, wato kwalba ɗaya ta mililita 750 za ta iya ɗaukar kusan ƙwayar suga 20. Waccan kuwa yis ya riga ya cinye sukarin, abin da ya rage tsami ne da bauri, kuma da aka zare barasar sai jikinta ya saki ta zama ruwa-ruwa, dole masu yin ta su mayar da ɗan ruwan inabi su rufe giɓin. Wanda ya saba da Eva in ya kurɓe ta zai ɗauka ta lalace ne. Don mutanen da suka saba da giya suke son dainawa ko suke tuƙi aka yi ta, ɗanɗanon da suka sani ake ƙoƙarin mayar musu, mu kuwa bakinmu bai ma san abin da ake kwaikwaya ba.

Sai maganar da na san ita ce ta fi damun ki ko da ba ki faɗa ba, wato halacci. Ta farkon babu wata magana a kanta. Ta biyun malamai sun yi saɓani. Kwamitin fatawa na ƙasar Maleshiya a 2011 ya ce duk abin shan da aka bi hanyar yin giya wajen haɗa shi haramun ne, ko barasar da yawa ko kaɗan ko ma an janye ta. Akwai kuma hukumomin da ke ba wa masu 0.0% shaidar halal har ana sayar da su a ƙasashen Larabawa. Taki kuma ba 0.0 ba ce ma. Hadisin da ke cewa abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗansa ma haramun ne kowa ya san shi, masu halattawa suna cewa ai ko tulu guda ka sha na wannan ba za ka bugu ba, masu hanawa kuma suna cewa asalinta giya ce kuma sayenta taimaka wa masu yin giya ne. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Amma ni dai ra'ayina wallahi ba zan ɗora ta a teburin walima ba, domin wanda ya zo bikinki ya miƙa hannu ya ɗauki kofi ya amince da ke ne, ba zai juya kwalba ya karanta bayanta ba, ga dattawa ga surukai ga yara, bai kamata ki yanke musu hukunci a kan abin da ake saɓani ba tare da saninsu ba.

Batun abinci kuma akwai abin da za mu ɗauka a wajen mutanen Ajantina ko da ba mu sha abin da suke sha ba. Su Malbec da gasasshen naman sa suke haɗa ta, wanda suke kira asado, a shimfiɗa haƙarƙari a kan garwashi a hankali awa biyu ko uku, gishiri kawai, babu barkono. Dalilin shi ne bauri yana yanke maiƙo, ka ci loma mai kitse ka kurɓa sai bakin ya wanke. A Salta kuwa inda abincinsu ke da ɗan yaji, irin su empanada, wato ƙaramin fanken nama da dankali da ake gasawa a tanda, ba ja suke kawowa ba, fara suke kawowa ta inabin Torrontés mai ƙamshin fure, a sanyaye. Sun gane cewa bauri da barkono ba sa shiri, in suka haɗu zafin ƙaruwa yake baki ya yi ɗaci.

To ki dubi teburinmu. Tsire, dambun nama, farfesun kayan ciki, kilishi, jallof da attaruhu, kusan komai da yaji. Ko an ajiye maganar addini gefe, waccan mai baurin faɗa za ta yi da wannan abincin, wataƙila balangu mai kitse da ba a barbaɗa wa yaji ba ne kaɗai zai karɓe ta. Zaƙi da sanyi da gas su ne ke kwantar da barkono, don haka ruwan inabi ya fi dacewa da mu nesa ba kusa ba. Jan ki ajiye shi kusa da naman sa da na rago, farin kuma ya fi sauƙi a baki, ya tafi da soyayyar kaza da kifi da samosa da waina. Inda za ki kiyaye shi ne wajen kayan zaƙi, alkaki da dubulan da nakiya da kek, zaƙi a kan zaƙi ginsa yake, mutum ya sha kofi ɗaya ya ture sauran, can gara shayi ba suga ko ruwan sanyi. In kuma kina son wani abu mai tsami-tsami da ɗan bauri da zai yanke maiƙon nama yadda suke yi a can, ki sa a dafa zoɓo mai kauri da citta da kanumfari a rage masa suga sosai, zai yi wannan aikin tsaf kuma babu mai ɗaga miki gira.

Wajen saye kada ki tsaya a gaban kwalba, ki juya bayanta. In kika ga grape juice a jerin kayan haɗi to ruwan inabi ne, in kika ga dealcoholised ko alcohol removed, ko da Sifaniyanci desalcoholizado, to waccan ce. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma in aike za ki yi ki tura wa ɗan aiken hoton wadda kike so, saboda a manyan kantuna masu barasa sosai ma a layi ɗaya ake jera su kuma kwalaben kama suke da juna. Kwalba ɗaya tana ba da kofi biyar zuwa shida, da haka za ki yi lissafin tebur. A sa su a ƙanƙara tun da safe, kada a girgiza, kuma wajen buɗewa a kau da bakin kwalbar daga fuskar mutane don murfin yana fita da ƙarfi. Wadda aka buɗe ba a shanye ba ta koma firji a daren, domin ruwan inabi in ya kwana biyu a buɗe cikin zafin nan namu shi ma fara tsimuwa yake da kansa. Masu ciwon suga kuma, musamman iyaye mata da za su zauna a teburin gaba, a ajiye musu ruwa da zoɓon nan marar suga a kusa, a kuma gaya wa masu rabon abinci su sanar da su wanne ne wanne.