Kamun sturgeon a Kogin Fraser: da jagora ko kai kaɗai?

Sturgeon wani ƙaton kifi ne, kuma masu zuwa kamunsa a lardin British Columbia na Kanada suna yawan tambayar wannan. Doka dai ɗaya ce ga kowa: tun 1994 duk farin sturgeon da aka kama sai an sake shi, ƙugiya ɗaya marar ƙaya, ga lasisin kamun kifi da na sturgeon daban.

Jagora yana da tsada, amma jirgi, sanda, dalma da ƙoton ƙwan kifin salmon duk nasa ne, kuma ya san ramukan da kifin ke kwanciya tsakanin garuruwan Mission da Hope. Babban amfaninsa sai kifi ya kama: yana cire anga ya bi shi, kokawar ta gajarta. Kifin da aka wahalar da shi ya daɗe yana iya mutuwa bayan an sake shi. Wanda ya wuce mita 1.5 kuwa ba a ɗaga shi daga ruwa.

Daga bakin gaɓa akwai sauƙin kuɗi, sai dai dalma tana maƙalewa a itatuwan ƙasan ruwa, babban kifi kuma ya ƙarar maka da zare kana tsaye.

Baƙo da sabon shiga, jagora ya fi musu. Mazaunin yankin mai kayan aiki, wanda ya san ruwan, ya iya tafiya da kansa.