Makullan sirri na WhatsApp: abin da na gani bayan wata shida ina aiki da su a Maraɗi

A cikin azumin da ya wuce, yayana da ke fataucin aya da wake tsakanin Maraɗi da Jibiya ya kira ni bayan sallar isha'i, muryarsa tana rawa. Wani mutum ne ya buga masa waya da la'asar, ya gaishe shi da sunansa, ya ce shi ne mai kula da zauren WhatsApp na 'yan kasuwa da suke ciki, kuma ana sabunta rajistar mambobi, don haka wata lamba mai alƙaluma shida za ta shigo masa ta saƙon waya, ya taimaka ya karanto ta. Yaya ya karanta masa. Kafin a sha ruwa WhatsApp ya fita daga wayarsa, kuma kafin sahur ɓarawon ya bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya yana neman rancen jika 50 da sunansa, har mutum biyu suka tura, saboda hoton da suka gani nasa ne, lambar ma tasa ce. Tun daga wannan dare na zauna na bi saitunan tsaro na manhajar ɗaya bayan ɗaya, na kunna su a wayata da wayoyin mutanen gidanmu, kuma abin da na gani cikin wata shida shi ne nake so in bayyana a nan.

Zan fara da abin da manhajar ta yi daidai, domin ba ƙarami ba ne. Tun shekarar 2016 WhatsApp ke rufe saƙonni da kira da hotuna ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗe su, da fasahar da masu manhajar Signal suka ƙirƙira. Ma'anarsa ita ce kamfanin layin da kake amfani da shi, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani, yana ɗaukar saƙonka ne kamar yadda direba ke ɗaukar akwatin da aka kulle, ba ya ganin abin da ke ciki. Wannan kariya a kunne take tun daga ranar da ka buɗe manhajar, ba sai ka taɓa komai ba. A garin da rabin ciniki ke tafiya ta saƙon murya, inda ake faɗin farashin buhu da ranar da mota za ta tsallaka iyaka ta Dan Isa da sunan wanda zai karɓi kuɗi, wannan abu ne da ya cancanci yabo.

Sai dai yayana ba ta hanyar fasa saƙo aka cuce shi ba. Ta ƙofa aka shiga, kuma shi da kansa ya miƙa mabuɗin. A nan ne makullin da na fi ba muhimmanci ya shigo, wato tabbatarwa mai mataki biyu, wadda manhajar ta fito da ita ga kowa a 2017. Mutum zai zaɓi lambar sirri mai alƙaluma shida da shi kaɗai ya sani, kuma duk wanda ya so ya buɗe asusun a wata waya sai ya shigar da ita, ko da ya riga ya samu lambar da ke zuwa ta saƙo. Kunna ta bai ɗauke ni minti biyu ba. A wayar da ke cikin Faransanci, kamar yawancin wayoyinmu, ana shiga Paramètres, sannan Compte, sannan Vérification en deux étapes. Da a ce tana kunne a wayar Yaya, da ɓarawon ya tsaya a bakin ƙofa da lambar da ba za ta amfane shi ba. Manhajar takan tambaye ka lambar lokaci zuwa lokaci don kada ka manta, abin da ya dame ni a makon farko, amma daga baya na ga hikimarsa a wurin mahaifiyarmu, wadda da ba don wannan tunatarwa ba da tuni ta mance da tata.

Babban ƙorafina shi ne wannan makulli a kashe yake zuwa. Mutum zai yi shekaru yana aiki da manhajar bai san akwai shi ba, musamman wanda bai yi boko ba, wanda yaron shago ne ya buɗe masa asusun a bakin Babbar Kasuwa ya miƙa masa waya. Ƙari a kan haka, idan ka manta lambar, hanya mafi sauƙi ta dawo da ita adireshin imel ne, alhali dattawa da yawa a nan ba su san adireshin da aka buɗe musu ba, balle kalmar sirrinsa. Akwai kuma wani ɓangare mai ɗaci da muka ɗanɗana. Idan ɓarawo ya riga ka kunna makullin bayan ya sace asusun, to ko da ka sake yin rajista da layinka ka kore shi, sai ka jira kwana bakwai kafin ka iya shiga. Haka ta faru da Yaya. Mun kori ɓarawon washegari, amma mako guda ya yi yana ciniki da kiran waya kawai, yana bin mutane yana ba su haƙuri. Na tuna ranar da muka samu shiga, yana zaune a kan buhun aya a shago, ya ce mini: «Ƙanena, sa mini wannan lambar, amma ka juya baya in rubuta ta da kaina.» Na ce masa: «Yaya, haka ya kamata, ko ni kada ka faɗa mini.»

Na biyu a muhimmanci a wurina shi ne saitin zauruka. Tun 2019 mutum yana iya hana baƙo jefa shi cikin zaure ba da izininsa ba, ta hanyar zaɓar cewa waɗanda ke cikin jerin lambobinsa kaɗai ke da wannan dama, sauran kuwa sai dai su aiko da gayyata. Na kunna wa ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wadda ta sha samun kanta a zaurukan da ba ta san mai su ba, kuma tun daga nan abin ya tsaya. Na kuma taƙaita mata masu ganin hotonta da lokacin da ta hau manhajar, na kunna saitin da ke kashe ƙarar kiran lambobin da ba ta sani ba, wanda aka ƙara a 2023. Duk waɗannan suna aiki yadda aka ce. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne, a duk zauren da ka shiga da kanka, an daɗe ana barin lambar wayarka a fili ga sauran mambobi, kuma na tabbata ta nan ɓarawon ya samu lambar Yaya da sunansa da sunan zauren da ya ambata. Zauren biki ko na 'yan unguwa mai mutum ɗari biyu ba wurin sirri ba ne, ko da manhajar ta rufe saƙonnin da ke cikinsa.

Saƙon da ake gani sau ɗaya da saƙonni masu ɓacewa da kansu, bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, suna da amfani wajen rage tarin abin da ke kan waya, amma ban yarda a dogara da su ba. Manhajar tana hana ɗaukar hoton fuskar waya idan hoto na gani sau ɗaya ne, sai dai na gwada da wayar matata na ɗauki hoton fuskar tawa, ya fito sarai. Ina faɗin wannan ne saboda 'yan mata da ake yaudara da cewa hoton zai ɓace. Kulle hira da zanen yatsa kuwa, wanda shi ma ya zo a 2023, ya dace da rayuwarmu ƙwarai, domin a nan waya takan bi hannu da yawa: yara suna kallo da ita, maƙwabci ya ari kira, sannan a bar ta wurin mai caji idan wutar lantarki ta ɗauke.

Akwai wurare biyu da mutane ba sa leƙawa. Na farko jerin na'urorin da aka haɗa da asusu, wanda ke ɗaukar har na'ura huɗu. Wanda ya riƙe wayarka na minti ɗaya, idan ba ta da makulli ko ya san lambar buɗe ta, yana iya haɗa ta da kwamfutarsa ya riƙa karanta hirarka daga nesa, don haka nakan duba jerin duk ranar Juma'a, kuma duk lokacin da waya ta dawo daga gyara. Na biyu ajiyar hirarraki a Google Drive ko iCloud, wadda ba ta samun irin kariyar saƙonni sai ka kunna rufaffiyar ajiya da aka kawo a 2021, ka sa mata kalmar sirri ko mabuɗi mai alƙaluma 64. Idan ka manta su, ajiyar ta tafi ke nan, saboda haka ban kunna wa mahaifiyarmu ba.

Ya kamata kuma mai amfani ya san wanda ya mallaki gidan. Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19, kuma kamfanin ya koma suna Meta a 2021. Ba ya karanta saƙonninka, amma yana riƙe lambarka da bayanan wayarka da yadda kake amfani da manhajar. Wanda wannan ya dame shi yana iya komawa Signal, wadda ba ta tara irin waɗannan bayanai da yawa, sai dai na sauke ta na tarar da mutum huɗu kacal cikin jerin lambobina, kuma ba wanda zai sayar da wake a kasuwar da ba masu saye. A Nijar muna da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, da dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, kuma Yaya ya kai ƙara komisariya da hotunan saƙonnin da ɓarawon ya aika, ko da yake kuɗin mutum biyun shi ya biya su daga aljihunsa don ya tsare mutuncinsa a kasuwa.

Hukuncina shi ne manhajar ta cancanci a ci gaba da aiki da ita, bisa sharaɗin a zauna minti goma a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a gyara saitin zauruka da na hoto, a duba na'urorin da aka haɗa. Cikin wata shidan nan sau biyu lambar rajista ta shigo wayar Yaya ba shi ya nema ba, ɗaya ma har da kira a bayanta, kuma duka biyun asusunsa bai motsa ba.