Jawabi da majigi ko fosta a bango: wanne za ki ɗauka?

Malama, na ga tambayarki ta jiya a zauren nan. Kin ce an karɓi bincikenki kan ruwan rijiyoyin da ke kusa da kamfanonin fata na Sharaɗa da Challawa a Kano a wani taron masana, masu taron kuma sun bar miki zaɓi: ko ki tashi ki yi jawabi da majigi, ko ki kafa fosta. Na ɗanɗana duka biyun, to ga abin da na gani.

Jawabi yawanci minti 10 zuwa 15 ne, sai ɗan lokacin tambayoyi. Mai magana da Turanci a natse kalma 130 zuwa 150 yake furtawa a minti, kin ga minti 12 ko babi ɗaya na kundinki ba za su ɗauke ba. Dole ki zaɓi magana ɗaya tak, sauran ki haƙura. A naki aikin, maganar ita ce rijiya nawa suka haura ma'aunin kuromiyom na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 0.05 a kowace litar ruwan sha (kuromiyom sinadari ne da ake jimar fata da shi). Zane guda ya isa: kowace rijiya da sandarta, a ja layi mai kauri a kan 0.05. Na kujerar ƙarshe ma zai gane kafin ki buɗe baki. Abin da yake kashe mutanenmu shi ne su kwaso jadawali mai layi 20 su liƙa, su juya wa jama'a ƙeya suna karantawa. Ga kuma gaisuwa: a gai da shugaban zama, a gai da farfesoshi ɗaya bayan ɗaya, kafin a taɓa sakamako an miƙo 'yar takarda, "saura minti biyu". Shafi ɗaya a minti ɗaya, girman rubutu kada ya gaza lamba 24, kuma kada ki dogara da ja da kore wajen bambancewa, don akwai waɗanda idonsu ba ya rabe su, musamman maza.

Fosta ba ta da wannan tseren. Tana manne a allo, kina tsaye gefenta awa ɗaya ko biyu, mutane suna zuwa ɗaiɗai. Masu jin ki ba su kai na ɗakin jawabi ba, amma wanda ya tsaya da niyya ya tsaya. A jawabi tambaya biyu ko uku za a yi miki, wata ma ba tambaya ba ce, mai ita so yake a san yana wurin. A gaban fosta kuwa wani zai sa yatsa a taswirarki ya ce, "Wannan rijiyar da damina kika ɗebo ruwanta ko da rani?" Irin wannan tambayar ita ke gyara bincike, kuma za ku iya zama a kanta minti goma ba wanda zai kaɗa ƙararrawa.

Ta fuskar kuɗi jawabi ya fi sauƙi, filash kawai za ki riƙe. Sai dai shi ne mai haɗari. Na taɓa zuwa wani taro da kwamfuta mai ƙofar HDMI, majigin ɗakin kuma VGA yake karɓa, muna cikin neman wayar haɗa su aka ɗauke wuta. Kafin janareta ya tashi rabin lokacina ya tafi. Tun daga ranar nake ajiye kwafin PDF a filash da wayar hannu, da babban zanena guda a takarda. Fosta ba ruwanta da wuta, amma za ki biya kuɗin bugu, kuma kuskuren da ya fito ya fito ke nan. Girman da aka fi nema shi ne A0, santimita 84.1 da 118.9. Ki tambaya tukuna a tsaye suke so ko a kwance. Ki naɗe ta cikin bututun roba idan Adaidaita Sahu za ki hau, ki tafi da salatif ɗinki.

Kada ki ɗauka fosta mafaka ce ga mai kunyar magana. Bayani ɗaya za ki yi ta maimaitawa har maƙogwaro ya bushe, don haka ki shirya shi a minti biyu zuwa uku. Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara wata gasa a 2008 inda ɗalibin digiri na uku yake bayyana bincikensa cikin minti uku da shafi ɗaya. Ki gwada hakan a gaban ƙanwarki da ba ta karanta kimiyya ba. Duk inda ta yamutsa fuska, nan ne gyara.

Da kin kammala awon duka, sakamako ya tsaya da ƙafarsa, jawabi zan ce miki ba shakka, don a nan ake sanin fuskar mutum. Amma kin ce samfurin damina kaɗai kika auna, na rani yana gaba. A ɗakin jawabi wannan giɓin shi za a fara damƙa, ki kare kanki cikin daƙiƙa 30. A gaban fosta shawara za ki samu a kansa. Ki ɗauki fosta bana, taswirar rijiyoyin a tsakiya, zanen 0.05 a gefenta da girma. Idan kin tsara, turo mana hotonta nan mu duba kafin ki kai bugu.