Malamin makarantar lauyoyi: ya bi shiru ko ya ce bai yarda ba?

Tunda na kawo zancen yadda aka ɗauke hedikwatar makarantar horas da lauyoyi daga Legas zuwa Bwari da ke Abuja a 1997, mutane sai tambayata suke, wai in kai malami ne aka ce makaranta za ta tashi, ka bi kawai ko ka fito ka ce ba ka yarda ba?

To wanda ya bi dai albashinsa lafiya lau, ƙarin girma ma ba zai masa wuya ba, amma fa shi zai sha ɗawainiyar kwashe iyali, ga neman gidan haya, ga cire yara daga makaranta tsakiyar zango, uwargida kuma tana ta mita a kan kwalayen kwanuka.

Mai ƙorafi kuwa bakin jini zai kwasa wajen manya, a riƙa masa kallon ɗan tawaye. Sai dai in hujjarsa mai ƙarfi ce, kamar a ce laburare bai kammalu ba ko kotunan da ɗalibai ke zuwa koyon aiki sun yi nisa, wallahi ko a taron malamai ba mai iya ture ta.

Sabon malami mai ƙananan yara, biyayya ta fi masa. Wanda ya kusa ritaya kuma ake jin maganarsa, shi ya dace ya buɗe baki.