Kafin ka sayi tsohuwar tsabar kuɗi, wa za ka tambaya darajarta?

Da kuɗina na koyi cewa tsufa kaɗai ba ya sa tsabar kuɗi tsada. Na taɓa sayen dalar azurfa ta Mariya Tiriza mai shekarar 1780, ina murna na tsinci dami a kala. Ashe tun rasuwar sarauniyar ta Ostiriya a wannan shekarar ake ta buga dalar ba a sauya shekarar ba, har ta kai ɗaruruwan miliyoyi. Tawa ba jabu ba ce, amma da kaɗan ta fi kuɗin azurfar da ke jikinta. Mai sayarwar ya sani sarai, ya yi gum.

Manhajar waya mai ɗaukar hoto za ta faɗa maka ƙasar da ta buga tsabar da shekararta, amma kada ka dogara da ita wajen sanin daraja. Abin da dillali zai faɗa tayi ne, domin shi ma riba yake nema. Kundin farashi yana da amfani wajen sanin nauyi da adadin da aka buga, sai dai kasuwa takan wuce ta bar shi a baya.

Ni dai tarihin gwanjo nake bi, wato abin da aka riga aka sallama, aka biya. Gidajen gwanjo irin su Heritage da Stack's Bowers a Amurka suna ajiye sakamakon cinikinsu a intanet, da hotuna gaba da baya. Kowa na iya sa wa kayansa kuɗin da ya ga dama, amma abin da mai saye ya cire daga aljihunsa shi ne gaskiyar magana. Sharaɗin shi ne ka gwada iri da iri: shekara ɗaya, alamar gidan bugu ɗaya, lafiyar jiki ɗaya. Dalar Morgan (tsohuwar dalar azurfa ta Amurka) ta 1893 mai harafin S, wato alamar gidan bugu na San Francisco, guda 100,000 kacal aka buga, shi ya sa ta yi wa 'yan uwanta fintinkau a tsada. Lafiyar jiki kuwa da ma'aunin Sheldon na 1949 ake auna ta, daga 1 zuwa 70, kuma a can sama maki ɗaya yana iya ninka kuɗi. Ka duba ciniki uku ko huɗu na kwanan nan, kada ka riƙe mafi tsadar kawai.

Sai batun jabu, inda nake so ka buɗe ido sosai. Sayi ƙaramin sikeli mai auna giram. Morgan ta gaske giram 26.73 ce, Mariya Tiriza kuma kusan 28. Kanga wa tsabar maganaɗisu: azurfa ba ta mannewa, ko da yake jabun tagulla ma ba ta mannewa, don haka kada ka tsaya nan. Sa gilashin ƙara girma ka bi gefenta; wadda aka zuba a mazubi takan nuna siririn layi da 'yan ƙuraje. Wasu ma ƙaramin harafin nan suke liƙawa a kan dala ta gaske, sai ka ga launin wajen ya ɗan bambanta.

Kamfanonin PCGS da NGC suna tantancewa su rufe tsabar a kwalin roba mai lamba, to har kwalin ana yin jabunsa. Shigar da lambar a shafinsu, in akwai hoto ka gwada shi da abin da ke hannunka, tabo da tabo. In kuma ka ga tsohuwar tsaba tana ƙyalli kamar madubi alhali rubutunta ya suɗe, goge ta aka yi, kuma masu tarawa suna rage mata kuɗi sosai saboda haka.