Awon jini a wani labo na Sabon Gari

Wata uku ƙanena ba ya barci, abinci sai a tura masa. Na ɗauko shi bisa kabu-kabu zuwa wani labo a Sabon Gari, nan Damagaram, na ce a auna jininsa a ga ko ciwon damuwa ne.

Mai awon bai ci kuɗina a banza ba. Ya ce: "Hajiya, har gobe babu awon jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ciwon damuwa. Likita ne ke zama da mutum, ya yi masa tambayoyi, ya bi ƙa'idojin ICD-11, littafin jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022." Abin da jini ke nunawa, in ji shi, cututtukan da ke kama da shi ne, kamar ƙarancin jini da raunin aikin ƙululun maƙogwaro (tiroyid), wanda ake ganowa da wani awon jini mai suna TSH.

Su muka yi. Allura sabuwa, a gabana ya yage ledarta. Sai dai jiran! Benci ɗaya tak, ga zafi, fanka ba ta juyawa.

Sakamako ya fito lafiya lau. Ranar Litinin za mu ga likitan ƙwaƙwalwa.