Marangu, Machame ko Lemosho: wacce za ka biya wa kuɗi a Kilimanjaro?

Duk mai niyyar hawan dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya, tambayar farko da kamfani zai yi masa ita ce ta wace hanya. Kada ka yi saurin nuna mafi araha.

Marangu ce tsohuwar hanya. Ta yankinta Bajamushe Hans Meyer da abokin tafiyarsa Ludwig Purtscheller suka bi a 1889 har suka kai ƙololuwar, mai tsayin mita 5,895. Ita kaɗai ke da ɗakunan kwana maimakon tanti: Mandara a wajen mita 2,700, Horombo 3,720, Kibo 4,700. Shi ya sa ake mata kallon mai sauƙi, kuma nan gizo ke saƙar. Ana yawan sayar da ita a kwana 5, wato kullum ka ƙara kusan mita 1,000 alhali jiki bai saba da ƙarancin iska ba. A Kibo abin ke bayyana: mutum na zaune da kwanon miya a gabansa, kai na sarawa, ya kasa kai cokali baki, ga shi tsakar dare za a tashe shi hawan ƙarshe. In Marangu ranka ke so, biya kwana 6, ka ƙara dare ɗaya a Horombo.

Ni dai Machame ta kwana 7 nake ba da shawara. A tanti ake kwana, ƙafa ma tana shan wuya, amma tsarinta ya dace da jiki: da rana ka hau zuwa wani tsauni da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, ka gangaro zangon Barranco ka kwana ƙasa da mita 4,000. Washegari sai bangon Barranco, inda dole ka sa hannu ka dafa dutse. Aibinta cunkoso.

Lemosho daga yamma take farawa, ta ratsa filin Shira ta haɗe da Machame. Kwana 8 ce, ta fi tsada, amma in aljihu zai ɗauka, ita ce. Rongai kuwa daga arewa take, kusa da iyakar Kenya, inda ruwan sama bai cika yawa ba.

Ba a barin kowa ya hau ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba. Kafin ka biya, tambayi ko farashin ya haɗa da kuɗin shiga gandun dajin da dutsen yake ciki, da nawa ake biyan 'yan dakon da za su ɗauki kayanka. Kuma ka kauce wa Afrilu da Mayu, lokacin ruwa mai ƙarfi.